Labarin fyaɗe: aure, gidan shari'a, ko rayuwar da ta biyo baya?

Duk marubuciyar da ta ɗauko labarin fyaɗe tana isa wata mararraba tun kafin ta yi nisa. An riga an yi abin, yarinya ta dawo gida ko an dawo da ita, to sai ina? A littattafan da ke yawo a wayoyinmu nan Damagaram, irin waɗanda ake tura katin jaka guda kafin a sa mutum cikin gurup, hanya uku aka fi bi. Ko wanda ya yi abin ya tuba ya aure ta, ko a kai shi gaban alƙali ko wani ya ɗaukar mata fansa, ko kuma alƙalami ya zauna tare da ita, ya bi ta cikin kwanaki da shekarun da suka biyo baya. Ƴar'uwa, idan kina da irin wannan labari a hannu kina tunanin inda za ki nufa da shi, ga yadda nake ganin kowace hanya. Ma'aunina ɗaya ne: bayan wannan daren, labarin na wa ya koma?

Ta farko ita ce mai kasuwa, kuma kin san zubinta ko da ido a rufe. Saurayi ɗan masu hali, kyakkyawa, miskili. An zuba masa wani abu a lemo, ko an yi masa asiri, ko ya sha ya bugu a ranar kaɗai, don dai kada mai karatu ta tsane shi gaba ɗaya. Ita kuwa ƴar aiki ce ko mai talla. Ciki ya shiga, aka kore ta, ta haifi yaro mai kama da ubansa kamar an tsaga kara. Bayan shekaru ya ga yaron, nadama ta kama shi, ya kwanta ciwo, ya rame, iyaye suka taru suna ba ta haƙuri, ta yafe. Babi ashirin na ƙarshe soyayya ce zalla.

Ba na musun cewa wannan zubi yana riƙe mai karatu. Akwai jira a cikinsa, akwai ranar da gaskiya za ta fito, akwai daɗin ganin mai girman kai ya durƙusa. Amma ki ɗauki ɗaya daga cikinsu ki duba hawayen wa ya fi yawa daga tsakiya zuwa ƙarshe. Nasa ne. Rashin barcinsa muke bi, ciwon zuciyarsa muke jinya, har mu wayi gari muna jin haushin yarinyar don ta ƙi sassautawa. Wadda aka zalunta ta koma mai taurin kai, azzalumin ya koma abin tausayi. Marubuciyar ba ta yi niyyar haka ba, zubin ne ya kai ta can.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ƙarshe ba a littafi kaɗai yake ba. Shi ne abin da ake nema a zaure idan an taru, ga mai unguwa, ga kawu, ga dangin yaron sun zo da goro da kuɗin magani, ana cewa a rufa wa juna asiri, abin da ya faru ƙaddara ce, in an ɗaura aure magana ta mutu. Yarinyar tana ɗaki, ba a kira ta ba. Idan ƴar shekara 15 ta karanta littafi goma da ke nuna mata cewa wannan zama ƙofar gidan daɗi ce, me za ta ce ranar da aka yi shi a kanta ko a kan ƙawarta? A Maroko akwai ayar doka da ke barin wanda ya yi wa ƙaramar yarinya haka ya tsira daga hukunci idan ya aure ta. Sai da wata ƴar shekara 16, Amina Filali, ta kashe kanta a 2012 bayan an aurar da ita ga mutumin, sannan majalisa ta soke wannan sassauci a 2014. Tunisiya da Jodan da Labanan suka soke irin tasu a 2017. Abin da ƙasashe ke gogewa daga dokokinsu mu muna yi masa ado da lalle da turaren wuta.

Masu kare wannan hanya sukan fake da addini, su ce ai tuba da yafiya ake koyarwa. Tuba gaskiya ce, amma littattafan da malamanmu ke karantarwa ba su ce a ba shi ita lada ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda aka tilasta ba ta da laifi, shi ke da hukunci, kuma zai biya ta sadakin irinta. Wannan biyan diyya ce ta abin da ya yi mata, ba ɗaurin aure ba ne.

Akwai hali ɗaya da zan ce ki bi wannan hanya: idan auren zai zama farkon labarin, ba ƙarshensa ba. Ki shigar da mu ɗakin da aka kai ta, mu ji yadda jikinta ke yi idan ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, mu ga ƴan biki sun watse sun bar ta da shi. Hausa ba ta rasa magabata a nan ba. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, kuma ba ta mai da daren farko abin sha'awa ba. Wanda aka ɗaura da shi ma yana iya yin ta'asa, kuma a Nijar, ƙasar da kusan kashi 76 cikin 100 na mata ke shiga ɗaki kafin shekara 18, wannan ba labarin nesa ba ne.

Hanya ta biyu ta fi ta farko mutunci nesa ba kusa ba. Tana kiran laifi da sunansa, tana nuna wa mai karatu cewa akwai inda ake kai kuka. Amma tana da ramuka biyu, kuma marubutanmu na nan suna yawan faɗawa duka biyun.

Na farko aro ne. Saboda yawancin abin da muke karantawa daga Kano da Kaduna yake zuwa, sai ki ga labari an ce a Birni ko Garin Malam yake faruwa, amma ga DPO, ga barista mai gashin doki tana daka wa shaida tsawa, alƙali ya buga guduma a zama na uku ya yanke hukuncin rataya ko dandaƙa. Dandaƙar dokar jihar Kaduna ce ta 2020, ba ta ƙetaro iyaka ba. A nan Nijar, ƙara daga komisariya, wato ofishin ƴan sanda, take farawa idan cikin gari ne, ko wurin jandarma idan a ƙauye ne. Su ke ba da takardar da za a kai wa likita ya duba ya rubuta abin da ya gani. Daga nan takardu su tafi wurin mai gabatar da ƙara, ya miƙa wa alƙalin bincike, shi kuma ya yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya cikin ofis, ba a bainar jama'a ba. Wannan yana cin watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kundin hukunta laifuka na Nijar, yadda aka gyara shi a 2003, ya sa wa fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20, idan kuma yarinyar ba ta kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30.

Kada ki ga kamar wannan jan ƙafa zai kashe miki labari. A cikinsa labarin yake. A watannin nan ne ake zarya gidan uban yarinya, yau liman, gobe abokin kasuwancinsa na Kasuwar Dole, jibi wanda yake bin sa bashi. A cikinsu ne kuɗin kabu-kabu zuwa gidan shari'a ke ƙarewa, maƙwabciyar da ta ji ihu ta ce ita ba ta ji komai ba. Ki tuna Hadijatou Mani ta yankin Ƙonni: an sayar da ita tana ƴar shekara 12 a 1996, ta yi shekaru a hannun wanda ya saye ta, kuma sai a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ta gaskiya ta ce gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10, shi ma da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi a bayanta. Nasara tana yiwuwa, amma ba a babi uku take zuwa ba.

Rami na biyu ya fi zurfi. Don marubuciya ta tabbatar mai karatu yana bayan yarinyar, sai ta wanke ta tas: mahaddaciya, hijabi har ƙasa, ba ta taɓa kallon namiji ba, ta yi kokawa har ta suma. Shi kuma baƙo ne, mai jan ido da wuƙa, ɗan pale, wato ɗan daba, daga unguwar Kara-Kara. Ba na cewa babu irin wannan. Fim ɗin gaskiya da Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna rayuwar samarin unguwar da tashin hankalin da ke cikinta, ya kuma nuna su a matsayin mutane masu tarihi, ƴaƴan unguwar da aka daɗe da ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi. Amma ɗora musu kowane fyaɗe na littafi sauƙi ne da ke ba sauran gari damar wanke hannu. Mafi yawan lokaci wanda ya yi abin wanda ta sani ne: maƙwabci, mai shago, ɗan ɗakin baba, malami, mijin yaya, mai gidan da take aiki. Mutumin da ake gaisawa da shi bayan sallar asuba.

Ita kuma cikakkiyar yarinyar nan, me take gaya wa wadda ba cikakkiya ba? Wadda ta je ɗakin saurayinta da ƙafarta, wadda ta karɓi kuɗin cinikin tallarta ta bi mai saye cikin kango don ya ce can canji yake, wadda ba ta yi ihu ba? Tana gaya mata cewa nata ba fyaɗe ba ne. Alhali daskarewa abu ne da likitoci suka sani. Wani bincike da aka buga a Suwidin a 2017, kan mata kusan 300 da suka je asibiti bayan an yi musu, ya samu kashi 70 cikin 100 jikinsu ya sandare a lokacin, ba motsi ba murya. Ga kuma abin da ke cikin Risala ta fiƙihun Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu: macen da aka ga ciki gare ta ba miji, idan ta ce tilasta ta aka yi, ana neman alama, kamar a ce ta zo tana neman agaji a lokacin ko tana jini. Ki haɗa waɗannan biyu ki ga tarkon da yarinya ke ciki. Tsoro ya rufe mata baki, gida ya ce ta yi shiru, sannan shirun ya zama hujja a kanta. Wannan kaɗai ya isa littafi guda.

Game da fansa ba zan ja ba. Idan yayanta soja ko sabon saurayinta ne ya je ya karya mutumin, labarin ya koma na jarumtar wani namiji, ita ta zama dalili kawai. Idan ita ce ta ɗauki wuƙa, mai karatu zai ji sanyi na dare ɗaya, amma a Damagaram ta gaskiya gidan kaso za ta kwana.

Hanya ta uku ita nake ba ki shawara, kuma ba zan ɓoye miki ba, ita ta fi wuya, ita ta fi jinkirin kawo kuɗi. Ƴan gurup za su ce labarin ba ya tafiya, a ƙara musu, yaushe za a haɗu da jarumin. Abin da take da shi wanda sauran ba su da shi shi ne yarinyar ba ta sauka daga tsakiyar labarin ba.

Ana rubuta ta da ƙananan abubuwa. Ki ɗauki asubar farko. Uwa ta tashi tun kafin kiran salla, ta ɗebi ruwan da aka sayo jiya wurin ƴan garuwa da tsada, ruwan da ta hana kowa taɓawa, ta tsuguna bayan ɗaki tana wanke zanen ƴarta. Ta sa sabulu sau biyu. Ta shanya shi a tsakiyar sauran wanki don kada ya fita daban. So ne ya sa ta yi haka, kuma da hannunta ta wanke shaidar da likita da alƙali za su nema. Ba kya bukatar ki yi wa mai karatu wa'azi a nan, ya gani. Ko ki ɗauki yarinyar da kullum ita ke fita layin famfo da dare idan ruwa ya zo, yanzu ta ce ƙafarta ke ciwo, ƙanwarta ƴar shekara 10 aka tura a madadinta, ita kuma tana zaune bakin ƙofa ta kasa haɗiye tuwo har sai ta ji ƙarar bidon ɗin ya dawo.

A wannan hanya ce kaɗai ake iya nuna ƙin mace yadda yake a gidajenmu, wato ba da baƙin mugu ɗaya ba. Yana cikin tambayar farko da aka yi mata: me ya kai ki? Yana bakin goggo da ta ce wa zai kwashi ragowar wani. Yana cikin yadda aka bar yaron yana zuwa fada shan shayi, ita aka cire ta daga lakwal aka tura ta wurin dangi a Mirriya ko Matamai har magana ta lafa. Sau da yawa mata ne ke faɗin kalmomin da suka fi ciwo, kuma marubuciya mai sauri takan mai da su mayu. Kada ki yi haka. Uwar nan tana da wasu ƴaƴa mata huɗu a bayan wannan, ta san abin da gari zai yi musu, ta san abin da ake jira a gani washegarin kai amarya. Ki bar mu mu ji tsoronta, sannan mu ga ɓarnar da tsoron ya yi.

Ita ma tana da nata haɗarin. Wasu suna ɗauka rayuwar bayan nan kuka ce shafi bayan shafi, sai su yi ta jibga wa yarinyar masifa, fyaɗe na biyu, mutuwar uwa, hauka, har mai karatu ya daina jin komai. Wadda ta tsira tana dariya wani lokaci, tana jin yunwa, tana faɗa da ƙanwarta kan ɗan kunne, tana iya sha'awar wani ta kuma ji tsoron sha'awar. Wasu kuma suna juya labarin ya zama wasan faɗakarwa irin na ƙungiyoyi, kowa yana magana kamar an ba shi takarda. Sai na uku, wanda ya fi ɓoyuwa: a biya ta da babban rabo, ta zama likita a Faransa, ta auri wanda ya fi mutumin kuɗi da kyau, ta dawo cikin doguwar mota. Wannan ma cewa ne darajarta sai wani namiji ya dawo mata da ita. Idan ta koma aji ta zauna jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, ko ta buɗe teburin ɗinki, ko ta iya bin lungun nan da rana ba tare da ta canza hanya ba, ya isa ƙarshen littafi.

Duk hanyar da kika ɗauka, akwai shawara ta biyu da ke jiran ki: a nuna abin ko a rufe ƙofa? Masu nunawa dalla-dalla suna cewa gaskiya suke faɗa. Ki gwada rubutunki da tambaya ɗaya: da idon wa muke kallo? Idan jimlolin suna zagaya ƙirjinta da santsin fatarta, to a idonsa kika tsayar da mu, kuma akwai masu sayen littafin don wannan shafin kaɗai. Masu rufe ƙofa gaba ɗaya, su ce kawai mai afkuwa ta afku, suna kare kunya amma wani lokaci suna sa abin ya yi sauƙi, har mai karatu ya manta. Tsakanin biyun akwai zama cikin kanta: abin da idonta ya kafe a kai, tsagar kwanon rufi, rediyon maƙwabta da bai daina magana ba, tunanin cewa tiren tallarta yana waje za a sace. Layi biyar sun isa. Ki kuma tuna yanzu littafi ba ido kaɗai ke cinsa ba. Ana karanta shi da murya a YouTube, a tura ta WhatsApp, a kunna a tsakar gida ana tankaɗe, yara suna gefe, kuma wataƙila cikin masu sauraren akwai wadda abin ya taɓa faruwa da ita ba wanda ya sani.

Tsawon abin da za ki rubuta ma yana da ta cewa. Idan gajeren labari ne, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016, babu filin shari'a ko shekaru goma. Ki ɗauki yini ɗaya daga hanya ta uku, asubar wankin nan ko ranar zaman zaure, ki tsaya a kai. Idan dogon littafi ne mai fita kullum, ki sa rayuwar yarinyar ta zama ginshiƙi, shari'ar ta zama reshe da ke ba ki jiran da ƴan gurup ke so: za a janye ƙarar ko ba za a janye ba, maƙwabciya za ta yi magana ko a'a. Idan wasan rediyo ne ko na dandamali, hanya ta biyu ta fi ƙarfi, don zaure da ofishin alƙali wuraren magana ne, kuma murya ba ta iya ɗaukar dogon shiru yadda takarda ke ɗauka.

Abu ɗaya ki shirya masa tun kafin ki saki babi na farko. Za a biyo ki ta bayan fage, wata ta ce Anti, abin da ya samu wance ya samu ƙawata, kuma sau da yawa ƙawar ita ce. Ke ba likita ba ce, amma ki san abin da ba ya jira. Maganin kariya daga cutar sida ana fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har awa 120, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Kayan da ke jikinta kada a wanke, a naɗe a ajiye. Idan kwanakin sun wuce, zuwa asibiti bai zama banza ba, akwai sauran cututtuka da raunuka da ake dubawa. Waɗannan ba sai kin rubuta su a ƙasan shafi kamar sanarwa ba. Ki sa su a bakin wata ungozoma mai faɗa a cikin labarin, wadda ta ga uwa da ƴa sun shigo ana kwana huɗu da faruwar abin, ta ajiye biro ta ce, Hajiya, ina kuka tsaya tun ran Talata?